Mai Fitowar Farko

Ustad Karamat yana tsaye a bakin fili yana yi wa mai ban ruwa faɗa don ya bar ciyawar robar da ke gaban raga a bushe, sai wayarsa ta yi ƙara. Malik Sarfaraz ne, manajan ƙungiyar hoki ta wata babbar masaƙa a Faisalabad. Tare suka yi wasa suna samari, kafin shi Malik ya yi tumbi ya sami ofis, Karamat kuwa ya dawo Gojra yana koyar da yara.

"Karamat, kana raye kuwa, ko yaran nan sun ƙarasa ka?"

"Ina nan da sauran numfashina, Malik sahib. Kai dai ba ka kira sai abu ya lalace. Me ya faru?"

"Gwiwar mai fitowar farkona ta tashi aiki jiya. Saura kwana goma sha biyu gasar ƙasa a Lahore. Ba ni ɗan 'yar'uwarka."

Karamat ya juya ya dubi fili. Ga Danyal can yana zagaya wasu yara biyu da ƙwallo yana musu dariya, dogo siriri, gashin bakinsa ko gama fitowa bai yi ba.

"Shekararsa goma sha bakwai, Malik sahib."

"Na sani, shi ya sa nake kiranka. Da ya cika sha takwas ai da kansa zan kira, ba sai na roƙi sa hannunka ba. Idan ya yi abin kirki, aiki na dindindin ne a masaƙa, da albashi, da ɗaki. Ka yi tunani zuwa jibi."

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar hoki ya san abin da ake nufi da fitowar farko. Idan alƙalin wasa ya ba da gajeriyar kwana, mutum biyar ne ke tsayawa a bayan layin raga. Abokan hamayya su turo ƙwallo zuwa bakin da'ira, wani ya tsayar da ita, gwaninsu na harbi ya janyo ta ya sako da duk ƙarfinsa. Ƙwallon kuwa ba ta wuce girman lemo ba, amma taurinta na dutse ne. A cikin biyar ɗin nan dole ɗaya ya fito a guje ya nufi mai harbin kai tsaye, ya sa sandarsa da jikinsa a hanyar ƙwallon. Shekara tara Karamat ya yi yana wannan aikin. Haƙoransa biyu na gaba na roba ne, ƙaurinsa na hagu kuma har yau yakan gaya masa idan hadari na tafe.

Danyal ɗan yayarsa Kausar ne. Uban yana tuƙin babbar mota a Maskat, sai bayan shekara biyu yake leƙo gida, saboda haka Karamat ne ya damƙa wa yaron sanda yana ɗan shekara shida, shi ne kuma mai sa hannu a duk wata takarda tasa. A cikin yaran da ya koyar bai taɓa ganin mai gudun Danyal ba. A gasar matasa, kafin mai harbi ya gama janyo ƙwallo yaron ya iso kansa ya ɗauke. Abin da ke hana Karamat sakat ke nan. Yaron yana gudu ne kansa a sunkuye, sandarsa a karkace gaban fuskarsa. Ƙwallon da ta bugi sanda a karkace sama take tashi. A cikin yara wannan bai taɓa zama komai ba, don yana riga ƙwallon isa. Manya ba sa jira. Za su sake ta yana sauran taku biyu. Sau nawa Karamat ya gaya masa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ustad-ji, ai ba ta taɓa samuna ba."

Da aka tashi daga atisaye, Karamat bai nufi gida ba. Ya tsaya a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa inda Iftikhar ke gyaran sandunan hoki. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Iftikhar ne yaron da ya fi kowa a wajensa. Shi ma shekararsa goma sha bakwai lokacin da Karamat ya sa hannu ya tura shi cikin manya. A wasansa na uku ƙwallo ta tashi daga sandarsa ta ɗauke masa idon dama. Tun daga ranar bai taɓa yi wa Karamat kallon banza ba, kullum da fara'a yake tarbarsa, wannan kuma shi ya fi ci wa Karamat rai.

"Ustad-ji! Bismillah, zauna. Bari a kawo shayi. Na ji Malik yana neman Danyal."

"Har labari ya iso nan?"

"A Gojra? Ko atishawa ka yi a fili, kafin ka zo tasha an ce maka sannu." Ya ci gaba da naɗa zare a mariƙin wata sanda. "Fuskarka ta nuna don ni ka zo."

Karamat ya ja kujera ya zauna.

"Ustad-ji, mu lokacinmu da fuska tsirara muke fita. Su yanzu suna da takunkumin roba, da safar hannu, da na gwiwa. Ni ba ƙuruciya ce ta ci idona ba, rabona ne. Wallahi da za a mayar da ni ranar, zan sake fita."

"Ka ga yadda yake riƙe sanda?"

Iftikhar ya dakata da naɗin. Ya ce, "Na gani."

A gidan Kausar kuwa ya tarar ana murna tun kafin ya buɗe baki. Ta riga ta dafa shinkafa da madara ta aika wa maƙwabta. Danyal yana zaune a kan gadon igiya a tsakar gida yana goge takalmansa, baki har kunne.

"Baji, ban fa sa hannu ba tukuna," in ji Karamat, don haka yake kiran yayarsa.

Ta ajiye ludayi ta dube shi. "To me kake jira? Karamat, ubansa ya turo masa fom na koyon tuƙi. Yana cika sha takwas za a kira shi Maskat. Na ba wa waccan ƙasar mijina shekara ashirin, ba zan ƙara mata da ɗana ba. Faisalabad nan ce kusa, duk Juma'a zan gan shi."

"Bai shirya ba."

"Mamu!" Danyal ya kira kawun nasa, ya miƙe tsaye. "Wa ya fi ni a duk Punjab? Faɗi sunansa in ji."

"Rufe mini baki, ana magana da manya."

Amma Karamat ya san ba shi da amsar da za ta shiga kunnensu. Washegari da hantsi dabara ta zo masa. Ya kira Malik ya ce zai kawo yaron Faisalabad ranar Asabar, a tsayar da gwanin harbinsu ya yi masa harbin gajeriyar kwana sau goma. Idan ya tsaya da kyau, zai sa hannu a nan take. A ransa kuwa ya ƙudurta cewa ƙwallo biyu ko uku za su wuce ta gefen kunnen yaron da irin kukan da suke yi, jikinsa ya yi sanyi, shi da kansa ya ce a bari sai baɗi.

Ranar Asabar suka hau babur tun da sassafe, Danyal a baya rungume da jakar sanduna. Alkama ta fara ja a gonaki hagu da dama. Yaron sai surutu yake zubawa.

Gwanin harbin masaƙar sunansa Gulfam, wani ƙato mai shekara ashirin da tara wanda ake yi wa laƙabi da Igwa. Ya dubi Danyal sama da ƙasa ya kwashe da dariya.

"Malik sahib, wannan ne? Ai iska ma sai ta ɗauke shi. Kai ƙanena, an yaye ka kuwa?"

"An yaye ni, bhai," in ji Danyal yana ɗaura takunkumi. "Kai dai ka yi sauri, kada in iso kana ta nishi."

Sauran 'yan wasa suka sa ihu. Karamat ya je ya duba igiyar takunkumin da hannunsa, ya ƙara matse ta. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗaga kanka. Miƙe sanda ƙasa, nesa da fuskarka. Ka ji ni?"

"Na ji, Ustad-ji."

Aka busa usur. Ta farko ta wuce shi kamar harsashi, ta bugi katakon raga da ƙarar da ta tayar da tattabaru daga rufin rumfa. Karamat ya ce a ransa alhamdu lillahi, yanzu zai gane. Danyal ya koma layi yana tsalle. Ta biyu ya tare. Ta uku ya tare. Ta huɗu ma bai bari Gulfam ya saki ba, a kan sandarsa ya ɗauke ta. Dariyar Gulfam ta ɗauke. Ya tofar da yawu, ya gyara tsayuwa, ya matsa kusa da mai tsayar masa da ƙwallo suka yi ƙus-ƙus. Karamat ya san abin da suka faɗa. Za su gajarta janyowar, a saki da wuri.

"Malik sahib, ya isa haka," in ji shi.

"Haba, kai ka ce goma. Dubi yaron nan, don Allah! Dubi ƙafa!"

Ta biyar, ta shida, ta bakwai, ta takwas, duk ya tare, biyu a cikinsu da cinya. Kowace fita kan yaron ƙara sunkuyawa yake, saboda daɗin da yake ji. Karamat ya buɗe baki zai yi tsawa a tsaya, usur ya riga shi.

Bai ga ƙwallon ba, ƙararta kawai ya ji, sau biyu a jere: ɗaya a kan sanda, ɗaya a kan roba. Ƙafafun Danyal suka ci gaba da gudu taku ɗaya bayan kansa ya koma baya, sannan ya faɗi rigingine a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Karamat bai san lokacin da ya tsallake allon bakin fili ba. Ya durƙusa a kansa yana kiran sunansa. Takunkumin ya tsage daga goshi har gefen ido. Da ya cire shi, abin da ya fara dubawa idanun ne. Suna nan duka biyun. Suka buɗe, suka yi yawo, suka tsaya a kansa. Sai yaron ya yi murmushi.

"Ta shiga raga?"

"Ba ta shiga ba, ɗan banza," in ji Gulfam, wanda shi ma ya durƙuso. "Ka tare ta da wannan ƙaton kan naka."

Danyal ya tashi zaune, ya miƙe, har da ɗaga hannu. Aka yi ta tafi. Goshinsa ya yi ƙulu kamar ƙwai, amma ba jini. Malik ya rungume shi ya ce a kawo lassi, wato nono mai sanyi, ya ce da Karamat, "Ka gani? Namiji ne. Ina alƙalaminka?"

"Na manta tabarauna a gida," in ji Karamat. "Ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Gobe."

Suka kamo hanya da azahar. Sun yi nisa kaɗan daga gari sai Danyal ya matso da bakinsa kunnen kawunsa.

"Mamu, nawa na tare?"

"Takwas, har da ta goshi."

"Takwas! A gaban Igwa!"

Suka wuce wani injin bulo, suka wuce gadar magudanar ruwa. Yaron ya sake matsowa.

"Mamu, nawa na tare?"

Karamat ya ɗauka wasa ne. "Na ce maka takwas."

"Takwas! A gaban Igwa!" Da murya iri ɗaya, da dariya iri ɗaya.

Karamat ya rage gudu. Bai kai ga tsayawa ba yaron ya tambaya karo na uku, sannan ya ce, "Ina za mu je ne?" Karamat ya gangara gefen hanya. Danyal ya sauka yana tangaɗi, ya dafa wata bishiya ya yi ta amai har ba sauran komai. Da ya ɗago ya ce rana ta yi masa yawa a ido, barci yake ji, a bar shi ya ɗan kwanta a nan cikin alkama.

"Ba za ka kwanta ba. Dube ni. Wace rana ce yau?"

Yaron ya yi tunani. "Laraba?"

Babu mota a hanyar sai wata tarakta mai tafiyar hawainiya. Karamat ya ɗora shi a babur, ya cire mayafin kafaɗarsa ya ɗaure yaron a bayansa kamar goyo, ya jefar da jakar sanduna a bakin gona, ya juya ya nufi Faisalabad. Duk tsawon hanyar yana masa magana da ƙarfi. Ya sa shi ya lissafo sunayen yaran ƙungiyarsu, ya sa shi ya karanta Fatiha, ya zage shi, ya roƙe shi. Wani lokaci amsa ta zo, wani lokaci sai ya ji kan yaron ya yi nauyi a kafaɗarsa, sai ya daki cinyarsa da gwiwar hannu har ya ji ya ce "wash". Bakinsa na addu'a, zuciyarsa na maimaita masa abu ɗaya: ba Malik ne ya ce a yi gwajin nan ba, ba yaron ba ne, shi ne.

A asibiti aka shige da Danyal ɗakin ɗaukar hoton kai, aka bar Karamat a kan benci. Ya fito da waya ya daɗe yana kallon sunan yayarsa kafin ya danna.

"Baji, ki sa mayafinki ki hau mota ki zo Faisalabad."

"Ya ci?" ta tambaya da murna. Sai ta ji shirunsa. "Karamat. Ina ɗana?"

"Yana raye, yana magana. Ƙwallo ce ta same shi a ka."

Ta kashe wayar.

Kafin ta iso likita ta fito, wata matashiya mai tabarau. Ta ce ba jini a cikin kai, ƙashi bai fashe ba, amma ƙwaƙwalwa ta girgiza sosai. Za su riƙe shi zuwa gobe. Ta ce mako huɗu ba gudu, ba wasa, ko waya a rage masa.

"Akwai gasa nan da kwana tara," in ji Karamat, ba don yana so ba, sai don ya ji da kunnensa.

Ta cire tabarau ta dube shi. "Chacha," ta kira shi yadda ake kiran dattijo, "idan aka sake bugunsa a ka kafin wannan ya warke, ko bugun bai kai na yau ba, kan na iya kumbura. Wasu ba sa tashi. Na faɗa maka a fili don kada gobe ka ce ba a gaya maka ba."

Kausar ta iso da la'asar. Ta wuce shi ta shiga wajen ɗanta, ta daɗe. Da ta fito ta tsaya a gabansa, idanunta a bushe.

"Ya tambaye ni sau huɗu ko na ci abinci. Wa ya ce a tsayar da shi gaban wannan ƙaton?"

"Ni ne, Baji."

"Don me?"

"Don ya ji tsoro."

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Washegari da safe hankalin Danyal ya dawo daidai, sai ciwon kai. Bai tuna bugun ba, bai tuna hanyar ba, amma ya tuna takwas, don kowa ya faɗa masa. Malik ya zo da ledar lemo da ayaba, da takardar a aljihun gaba. Ba mugun mutum ba ne, har ƙwalla ya yi da ya ga goshin. Amma da suka fita baranda ya zaro takardar.

"Karamat, mu sau nawa aka kwantar da mu? Kai ba a Karachi aka zubar maka da haƙora ka koma fili bayan hutun rabin lokaci ba? Yaro ne, jininsa na gudu. Kwana takwas ya ishe shi. Zan saya masa takunkumi sabo, na waje."

"Likita ta ce mako huɗu."

"Likitoci ai ko ƙaya ce ta soke ka sai su ce mako huɗu. Ka san irin wannan damar ba ta zuwa sau biyu. Ba zan iya riƙe masa gurbi ba."

"Na sani. Ba zan sa ba."

Ashe Danyal ya taso yana tsaye a bakin ƙofa, riƙe da ƙarfen gado.

"Mamu, don girman Allah. Lafiyata ƙalau, dube ni. Ka ce in na tsaya za ka sa hannu. Na tsaya ko ban tsaya ba?"

"Ka tsaya."

"To alkawarin fa?"

"Na karya shi," in ji Karamat. "Koma ka kwanta."

Malik ya ɗauki wani yaro daga Toba Tek Singh mai suna Shehroz, shi ma ɗan shekara goma sha bakwai, wanda Danyal ya sha wucewa a guje a gasar matasa. Duk ranar da masaƙar ke wasa Karamat yakan zauna a ɗakin ajiyar kaya ya kunna waya, kuma duk lokacin da aka ba da gajeriyar kwana sai ya kife ta a cinyarsa har sai ya ji ihun ya wuce. Ba abin da ya sami Shehroz. Ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe, aka ba yaron aiki, hotonsa ya fito a jarida da furanni a wuya.

Gojra kuwa ta sami abin taunawa. A wajen mai shayi aka ce Karamat ya tsufa, tsoro ya kama shi. Wasu suka ce baƙin ciki yake kada ɗan 'yar'uwarsa ya wuce inda shi ya tsaya. Uban yaron ya kira daga Maskat ya yi ta faɗa har katinsa ya ƙare. Danyal ya daina ce masa Mamu. In sun haɗu sai ya yi sallama yana kallon ƙasa ya wuce. Kausar ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Ba ta zarge shi ba, ba ta kuma gode masa ba, amma ta ci gaba da aiko masa da abincin rana.

Bayan mako biyar yaron ya dawo fili. An gama girbin alkama, zafi ya sauko, ruwan da ake zuba wa ciyawa kan bushe kafin a gama zagaye biyu. Gudunsa na nan, hannunsa na nan. Da aka zo atisayen gajeriyar kwana ya ɗaura takunkumi ya tsaya a layi ba tare da an ce masa ba. Mai harbin wani yaro ne ɗan shekara goma sha biyar wanda ƙwallonsa ko kaza ba za ta kashe ba. Aka busa. Danyal ya fito kamar kibiya, saura taku uku sai ya karkace gefe ya juya baya, hannunsa a kan ƙeya. Ƙwallon ta gangara cikin raga a hankali.

Yara suka fashe da dariya, sun ɗauka shaƙiyanci ne. Ya koma ya sake. Haka ya sake yi. Karo na uku ko fita daga layin bai yi ba. Dariyar ta mutu. Karamat ya sallami kowa.

Yaron ya zauna a cikin raga, takunkumin a cinyarsa. Karamat ya zo ya zauna kusa da shi a kan katako.

"Mamu," in ji shi, karo na farko cikin mako biyar, "ƙafafuna ne suka ƙi. Ni ina son zuwa, su suka ƙi. Ban ma tuna bugun ba, to me nake tsoro?"

Tsoron da Karamat ya ji a kan babur daban ne, wannan wani ne mai sanyi da ya zauna masa a ciki. Ya so yaron ya san tsoro, ga shi ya sani, kuma watakila ba zai sake fita ba har abada.

"Gobe ka zo kafin kowa," ya ce daga ƙarshe. "Kada ka zo da takunkumi."

Da ƙwallon roba mai laushi suka fara, irin ta wasan yara. Karamat ya jefa da hannu, yaron ya tako a hankali, kai a ɗage, sanda a miƙe ƙasa. Mako uku suna haka. Sannan ya fara gudu. Sannan aka koma ƙwallon gaske, Karamat na turowa a hankali. Akwai ranakun da komai ya tafi daidai, washegari kuma yaron ya juya baya kamar ba a taɓa koya masa ba, ya yi jifa da sanda ya ce Maskat zai tafi. Sau biyu yana cika fom ɗin tuƙin, sau biyu uwarsa na ɓoye shi. Sai da damina ta wuce, sanyi ya shigo, kafin ya tsaya wa harbin babban mutum ba tare da ya kauce ba. Ya rage sauri da kusan taku ɗaya, don mai gudu kai a ɗage ba ya kai mai gudu a sunkuye. Karamat ya san wancan yaron da ya tare wa Igwa takwas ba zai dawo ba.

Malik bai sake kira ba. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta wani kamfanin sukari ta ɗauki Danyal a shekarar da ta biyo, albashinta bai kai rabin na masaƙa ba. Wasansu na farko a Lahore Karamat ya je, ya zauna can sama inda ba kowa. Minti goma sha ɗaya da farawa aka ba da gajeriyar kwana a kansu. Ya ga yaron ya ɗaura takunkumi, ya taɓa ƙirjinsa, ya sunkuya a layi. Karamat ya riƙe ƙarfen kujerar gabansa. Danyal ya fito, ƙwallo ta daki cinyarsa, alƙali ya sake ba da wata. Ya koma yana ɗingishi, ya sake fitowa. Wannan ta wuce shi ta shiga. An ci su uku da ɗaya a ranar.

A motar komawa gida suka zauna tare, yaron ya miƙe ƙafar da ta kumbura a tsakanin kujeru, yana cin gyaɗa.

"Mamu, ka ga ta biyun?"

"Na gani."

"Rufe ido na yi."

"Na gani, na ce."

"Kocinmu bai lura ba. Kada ka gaya wa Ammi."

Karamat ya dubi taga. Motar ta tsaya ɗaukar wasu mata da buhunan albasa, kwandasta na ta ihun a matsa ciki.

"Yaushe wasanku na gaba?"

"Alhamis."

"To Litinin da Talata ina jiranka a fili. Matsar da ƙafar nan, mutane za su wuce."